Sifana a hannunka ko a hannun bakanike: wane gyaran mota ne naka?

Wata Asabar cikin hunturu na ɗaga bonet a ƙofar gida, na jingina waya a jikin batir tana nuna mini wani Ba'amurke yana canza filogi cikin minti goma. Motarmu iri ɗaya ce da shi, Corolla ta 2005, sai dai tasa tana ɗakin ajiye mota mai tayil, tawa kuwa tana gindin darbejiya, yaran unguwa sun kewaye ni suna kallo. Na ɗaura filogi uku lafiya ƙalau. Na huɗun ya ɗan cije tun a juyi na biyu. Da hannu ya kamata in warware shi in sake saitawa, amma idon yara yana kaina, sai na ɗora sifana na danna. Kan injin wannan motar na alminiyam ne, kuma ban jima da dawowa daga kasuwa ba, injin bai gama hucewa ba. Zaren ramin ya cinye.

Da silinda uku na lallaɓa zuwa gareji, mota tana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Bakanikena ya leƙa da tocila, ya ɗago ya ce, "Alhaji, wa ya taɓa maka nan?" Na ce wani yaro ne. Ya ce, "Allah ya shirye shi." Na ce amin. Kwana biyu motar ta yi a wurin kafin a samo wanda ya sake fitar da zare ya dasa sabo, kuma abin da na biya ya ninka kuɗin canza filogin sau da yawa.

Ban daina taɓa motata ba, amma daga ranar na sake lissafi. Ba'amurken nan yana kwanciya ƙarƙashin motarsa ne saboda a ƙasarsu kuɗin aikin awa ɗaya a gareji yakan wuce dala 100. A wurinsu hannu ne mai tsada. A Kano ko Kaduna ko Maradi kuwa, hannu shi ne abu mafi araha a duk harkar gyaran mota. Abin da ke cin kuɗinmu shi ne kayan gyara, sai jabu, sai lalube, wato a yi ta canza abu bayan abu har a dace da mai ciwon. Saboda haka wanda ya ɗauko shawarar intanet ya dasa ta a nan yadda take, zai wahalar da kansa wajen tsimin abin da ba shi da tsada, ya bar ƙofar da kuɗi ke fita a buɗe.

Kuma zaɓin ba biyu ba ne kamar yadda ake ɗauka. Akwai aikin da za ka yi da hannunka. Akwai wanda za ka miƙa wa gwani ka ja da baya. A tsakani akwai na uku, wanda shi ne ya fi yawa a wurinmu: ka sayo kayan da kanka, ka san abin da littafin motar ya ce, ka ja benci ka zauna, bakanike ya yi aikin kana gani. Abin da nake auna kowane gyara da shi kafin in yanke shawara, na farko, in na kuskure me zan rasa: yammacin Asabar, ko inji, ko rai? Na biyu, aikin yana buƙatar kayan aikin da sau ɗaya zan yi amfani da su a shekara biyar? Na uku, in an gama akwai yadda zan gane ya yi kyau kafin in hau titi?

Abin da gareji ba zai yi maka kamar kai ba

Akwai ƙananan abubuwan da ba don tsimi nake cewa ka riƙe su ba, sai don in ka bar wa wani zai yi maka su ba daidai ba. Iskar taya ce ta farko. Ka tsaya wurin mai faci ka ce a ƙara iska, sau da yawa zai dura maka 45 ko 50, ya buga tayar da ƙarfe ya ji ta yi ƙara, ya ce ta yi. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, akwai takardar da kamfani ya manna. A yawancin ƙananan motoci abin da ta ce bai wuce 30 zuwa 33 ba. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a sa ba. Iska in ta yi yawa tsakiyar taya ke cinyewa, mota ta rage kama ƙasa, ƙafar mota ta riƙa shan duka a kowane rami. In ta yi kaɗan kuma tayar ta ɗauki zafi, ta sha mai, ta iya fashewa a hanyar Zariya cikin zafin Afrilu. Ma'aunin iska na aljihu bai kai kuɗin kwalin filogi ba. Ka auna da safe kafin mota ta yi tafiya, sannan ka gaya wa mai faci lambar da kake so.

Tun da kana tsugune, duba shekarar tayar. A ƙarshen rubutun da ya fara da DOT akwai lamba huɗu: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Taya 'yar Beljiyam tana iya zuwa da zane mai kyau alhali robar ta tsufa ta fara tsattsagewa. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra suna duba wannan lambar a hanya, gara ka riga su.

Filtar iska ma taka ce. A Corolla maƙalai biyu ne za ka ɓalle da yatsa, ka zaro ta, ka ɗaga ta ga rana. Littafin mota an rubuta shi ne da tunanin ƙurar Turai ko Japan, bai san hazon Disamba da Janairu ba, don haka a nan idonka ne littafi. Yaran gareji sukan hure ta da iskar kwamfureso su mayar, wani ma ya wanke ta takarda da fetur. Iska mai ƙarfi tana yaga ƙananan ramukan takardar, ƙurar da aka ce an kora ta samu hanyar shiga inji. Kakkaɓe ta a hankali in ba ta yi nisa ba, in ta yi baƙi ka sa sabuwa. Haka filtar esi da ke bayan akwatin gaban fasinja, wadda mutane da yawa ba su ma san da ita ba har sai esi ya fara wari.

Batir, fis, ƙwan fitila, robar waifa: waɗannan duk aikin minti kaɗan ne. A batir ƙa'ida ɗaya ce ke hana wuta: in za ka cire, fara da kan da ke da alamar ragi, in za ka mayar shi ne na ƙarshe. Garin da ke taruwa a kai fari ko kore, ruwan ɗumi da burushi sun ishe shi. Da ƙaramar mita za ka san lafiyarsa: wajen bolt 12.6 in mota tana kashe, tsakanin 13.5 da 14.5 in tana aiki. In an tayar da inji lambar ba ta motsa ba, altaneta ce ba ta caji, kada wani ya sayar maka da sabon batir. Fis kuwa launinsa ke faɗin ƙarfinsa, ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kuma da irinsa ake maye shi. In sabon ya sake ƙonewa nan take, aikinka ya ƙare a nan, sai mai rewaya. Amma ka tsaya a kansa, domin maganin gaggawar da wasu ke yi shi ne su naɗa zaren waya a gurbin fis, kuma motoci da yawa da aka gani suna ci da wuta a gefen titi daga nan suka fara.

Abin da ya fi duka amfani a cikin akwatin motata bai kai girman akwatin ashana biyu ba. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, tana da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ka soka 'yar na'urar nan ta OBD2, ta haɗu da wayarka, ta karanto maka abin da ya kunna fitilar inji a dashbod. P0301 na nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa. P0420 maganar katalis ce, wato abin tace hayaƙi da ke cikin salansa. Na'urar ba ta gyara komai, kuma lambar ba ta ce "canza wannan" ba, ta dai nuna unguwar da ciwon yake. Amma wanda ya shiga gareji yana cewa silinda ta ɗaya ce, a musanya kwayil ɗinta da ta biyu a ga ko matsalar za ta bi shi, ba za a sa shi sayen kwayil huɗu da fanfon mai ba. Abu ɗaya: in fitilar tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, kada ka ci gaba da tafiya mai nisa, ɗanyen mai ne ke sauka cikin salansa yana dafa katalis.

Juye

A nan ne ake gardama, kuma na gwada duka biyun. Juyen baƙin mai ba shi da wuya: noti ɗaya a ƙasa, filta ɗaya, mai kusan lita 4 a inji irin nawa. A gida kana da tabbacin man da ya shiga, kana iya barin tsohon ya tsiyaye har ya daina ɗiga ba wanda ke jiran layi, kuma kana ganin ƙasan motarka, ka lura da robar da ta yage ko inda mai ke tsatsa. A gefe guda kuma sai ka ɗaga mota, kuma jak ɗin da ke but an yi shi ne don canza taya, ba don mutum ya shiga ƙarƙashi ba. Duk wanda ba shi da ƙafafun ƙarfe na tokare mota, ko rami, kada ya shiga. Bulo na siminti yana farfashewa ba sallama. Sannan ga tsohon mai lita huɗu da ba ka san inda za ka kai ba, ga riga ta ɓaci, duk don tsimin kuɗin da bai kai na lita ɗaya ta man da ka saya ba.

Kurakuran juye ƙanana ne amma masu tsada. Robar tsohuwar filta takan manne a jikin inji, ka ɗaura sabuwa a kanta, roba biyu su haɗu, kana hawa titi mai ya tsiyaye gaba ɗaya, inji ya buga. Notin ƙasa in an matse shi fiye da kima zarensa ya tafi. Yaron gareji ma yana yin waɗannan, har ma ya fi, domin yakan sa doguwar sifana ya taka da ƙafa.

Inda na tsaya shi ne: man da filtar ni ke saya, a gidan mai ko wurin dillalin da na sani, in duba hatimin galan, in je inda ke da rami, a buɗe galan a gabana. Domin haɗarin juye a ƙasar nan ba a hannun mai kwance noti yake ba, a cikin galan yake. Akwai jabun mai da aka tace tsoho aka sake durawa a galan mai kyau, akwai filtar da in ka yanka ta ba abin kirki a ciki. Akwai kuma maganar kauri. A murfin man motata an rubuta 5W-30, amma duk garejin da na je sai an ce, "Yallaɓai, wannan ruwa ne, zafin ƙasarmu sai 20W-50." Zafin cikin inji tamostat da lagireto ke tsare shi, ko a Sakkwato ko a Landan kusan ɗaya ne in komai lafiya. Injinan zamani suna da ƙananan hanyoyin mai da na'urar sarrafa bawul da ke aiki da matsin mai, mai kauri yana jinkirin isa gare su da safe. Tsohuwar Peugeot 504 ko injin da ya riga ya saki yana shan mai, wannan wata magana ce, mai kauri na iya rufa masa asiri. Amma hukuncin na littafin mota ne da halin injinka, ba na al'adar gareji ba.

Filogi, duk da abin da ya same ni, har yanzu ina ganin mai mota zai iya, in silinda huɗu ce a jere kuma inji ya kwana ya huce. A fara ɗaurawa da yatsu, sai ya shiga juyi da yawa ba gardama sannan a kawo sifana. In V6 ce da aka kwantar a gicciye, kamar ta Sienna ko wasu Camry, ukun baya suna ɓoye ƙarƙashin bututun iska, sai an kwance abubuwa da yawa. Wannan kai gareji.

Birki: iyakar gona

Canza takalmin birki na gaba noti biyu ne a yawancin motocin Japan, kuma wanda ya gani sau biyu zai iya. Shi ya sa yake ruɗin mutane. Bambancinsa da filtar iska shi ne in ka manta wani abu, a shataletale za ka tuna. Bayan an tura fistin baya an sa sabon takalmi, feda takan tafi ƙasa fanko a taku na farko da na biyu, dole a yi ta taka ta mota tana tsaye har ta yi tauri. Ba a barin kalifa, wato ƙarfen da ke matse takalmi a jikin faranti, tana reto a jikin tiyon mai. Maiko ba ya taɓa fuskar takalmi. Birkin baya na wasu motoci fistinsa murɗa shi ake yi, ba turawa ba, na masu birkin hannu na maɓalli kuma sai da kwamfuta.

Ni dai birki na sa shi a layin tsakiya: in sayo takalmi mai kyau, in zauna a yi. Da ido nake duba kaurin da ya rage ta tsakanin ramukan wil, in ya kusa milimita 3 lokaci ya yi, ba sai ƙarfe ya fara cin faranti ba. Duk abin da ya shafi buɗe hanyar man birki kuwa, fitar da iska, canza masta, tiyo, na'urar ABS mai hana taya kullewa in an taka birki, na bakanike ne, kuma bakaniken da ka yarda da shi. Abin da ke naka a nan shi ne sanin cewa man birki yana tsotsar danshi daga iska, shi ya sa ake canza shi duk bayan shekara biyu zuwa uku, kuma DOT 3 ko DOT 4 da aka rubuta a murfin shi za a zuba daga sabuwar kwalba. In man ya ragu sosai, ba ƙari yake nema ba, tambaya yake nema: takalmi ne ya cinye ko wani wuri ke yoyo?

Canza taya a hanya kuwa ba zaɓi ba ne, wajibi ne ga duk mai tuƙi, mace ko namiji. Taya ba ta zaɓar gaban mai faci ta sace. Ka gwada sau ɗaya a gida da rana: a sassauta notuna mota tana ƙasa, a sa dutse a bayan wata tayar, a ɗaga, a ɗaure su a gicciye ba a jere ba. Kuma a ranar ne za ka gane ko sifiyarka tana da iska, ko mai faci ya taka maka notuna da ƙafa har ba mai iya kwance su.

Inda za ka ja da baya, da inda za ka ce a'a

Giya mai canza kanta ba wurin koyo ba ce. Amma ko a nan akwai rabonka, domin abin da ya fi kashe giya a garejinmu shi ne man da ba nata ba. Toyota ta shekarun motata tana shan T-IV, waɗanda suka biyo baya WS, Honda tana da nata, masu giyar CVT kuma nasu daban ne gaba ɗaya. A wurin mai shago duk "man giya" ne ja. Ka san naka, ka saya da kanka.

Bel ɗin taimin ma haka. Da farko ka san ko motarka bel gare ta ko sarƙa: Corolla irin tawa da Camry ta 2002 zuwa 2006 mai silinda huɗu sarƙa ce, Accord V6 bel ce. A injina da yawa in bel ya tsinke ko aka ɗaura shi da kuskuren haƙori biyu, fistin da bawul sukan yi karo, aikin yini ya koma sauke kan inji. Gasket na kan inji, kulochi, fanfon mai da ke cikin tanki inda tartsatsi ɗaya ya isa, sifirin na shokazoba da ke matse da ƙarfin da zai karya muƙamuƙi, alaimen da ke buƙatar na'ura: duk waɗannan ko kayan aikinsu sun fi kuɗin aikin tsada, ko kuskurensu ba ya gyaruwa. Esi ma haka, gas ne mai matsi, kuma wanda zai "ƙara gas" ba tare da ya nemo inda yake fita ba, haya ya ba ka ta wata ɗaya.

Waya mai soket rawaya ta jakar iska ce, kada ka taɓa. Waya mai ruwan lemo a motocin da ke haɗa fetur da lantarki, irin su Prius, tana ɗauke da wuta sama da bolt 200, ko mai rewayan unguwa bai kamata ya kusance ta ba sai ya koya. Tun da aka janye tallafin mai a Najeriya a ranar 29 ga Mayu 2023 kuma mutane suka karkata ga mayar da mota mai amfani da iskar CNG. Ana dura ta ne da matsin da ya kai wajen 200 a ma'aunin bar, kusan ninki ɗari na iskar tayarka. Tukunyar gas ɗin girki ko wadda mai walda ya haɗa ba za ta ɗauka ba. A watan Oktoba 2024 wata mota mai irin wannan tukunya ta tarwatse a wurin shan gas a Benin ta jihar Edo, mutane suka jikkata. Wannan aiki na cibiyoyin da aka tantance ne kawai.

Sai dai miƙa aiki ba miƙa hankali ba ne. Akwai gyaran gangar Auzinawa da ya zama ruwan dare har an ɗauka ilimi ne. Mota ta fara zafi, bakanike ya ce, "Tamostat ce, ta ƙasar sanyi ce, mu cire ta, mu haɗa fanka dairek." Tamostat a injin Toyota tana buɗewa ne wajen digiri 82, aikinta ta kai inji zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, ta tsare shi a nan. In an cire ta inji yakan daɗe bai ɗumama ba, ƙwaƙwalwar mota ta ɗauka har yanzu safiya ce ta yi ta ƙara fetur, ga fanka tana gudu ba hutu har ta ƙone. Ainihin dalilin zafin kuwa, lagireto da ya toshe ko murfinsa da ya saki ko famfon ruwa, yana nan yana jira. Ni an taɓa cire mini ban sani ba, sai da na lura allurar zafi ba ta kai tsakiya a kan babbar hanya, kuma tanki ya daina kai ni inda ya saba.

Toshewar lagireton ma sau da yawa laifinmu ne, mu masu zuba ruwan rijiya da na leda. Ruwan nan mai launi ba don ƙanƙara kawai aka yi shi ba, yana hana tsatsa da cin alminiyam. Dubawa da ƙarawa aikinka ne, amma da safe, inji a sanyaye. Murfin lagireto yana riƙe matsi ne don ruwan ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Ka buɗe shi da zafi, duk ya taso maka fuska.

Zaman benci yana da wata fa'ida. Katalis, abin nan mai kama da saƙar zuma da ke cikin salansa, wanda kanikawa ke ce wa indomi, yana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, kuma yana da kasuwa. Motoci da yawa sun kwana a gareji sun fito babu shi, ko an ce wa mai su ya toshe gara a fasa a zubar, alhali ba zubarwa za a yi ba. In da gaske ya toshe, naka ne, a ba ka shi a hannu. Haka duk abin da aka ce an canza, ka ce a sa maka tsohon a but. Bakanike na ƙwarai ba ya jin haushin wannan.

Sayen kaya kuma ba kullum ne zuwanka da kanka ya fi ba. Wanda ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna da fararen kaya da hoton abu a waya, an gane shi tun daga bakin layi. Mai, filta, filogi, batir, takalmin birki, taya, waɗannan sababbi ake saya kuma kana iya koyon bambance su. Amma giya ko inji ko kwamfureso ɗan Beljiyam, idon bakanike ya fi naka, kuma in shi ya zaɓo bai yi ba shi zai mayar, in kai ka kawo ya ce kayanka ne ba kyau. Ku tafi tare, ka biya da hannunka, ka yarda cewa zai samu ɗan abinsa a wurin mai shago. Wannan la'adar ba ta kai asarar sayen gawa ba. A tabbatar an yi maganar kwanakin gwaji kafin a ɗauko.

Motar da kake da ita da irin rayuwarka suna matsar da wannan iyaka gaba ko baya. Direban Golf ko Sharon da ke jigila tsakanin garuruwa, wanda kowace awa a gareji kuɗin cefane ce, yana da dalilin koyon canza fanbel da tiyon ruwa da gyaran kan batir a daji, kuma yawancinsu sun iya. Ma'aikacin da ke da Asabar ɗaya a mako, gara ya kashe ta a benci da littafin motarsa. Mai sabuwar mota da ke ƙarƙashin garantin kamfani kada ya kwance komai bayan duba mai da ruwa da iska, domin taɓawar waje tana iya soke garantin. Wanda ke ƙauye mai nisa da ƙwararru kuwa, abin da zai iya da hannunsa dole ya fi na ɗan birni yawa.

Watan jiya fitilar inji ta sake kamawa. Na soka 'yar na'urata a ƙofar gida ta ba ni P0171. Na duba bututun iska na ga ya tsage a lanƙwasa ta ƙasa, inda ido ba ya kai wa sai an sa hannu. Na sayo wani, maƙalai biyu ne, na ɗaura. Da na kai motar juye bayan kwana uku, bakanikena ya ga sabon bututu, ya latsa shi, ya ja maƙalin ya ji ya kama. Ya ce, "Alhaji, yaron nan naka na filogi ne ya sa wannan?" Na ce shi ne. Ya ce, "To ya fara hankali. Amma ka gaya masa robar diraf shaf ta hagu ta yage, kada ya ce zai taɓa."